Noman Seleri Daga Iri a Lambun Gida a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ke yawan fitowa daga bakin masu ɗan lambu a tsakar gida, daga Samaru da Sabon Gari har Tudun Wada da cikin Birni, duk lokacin da zancen seleri ya taso. Da yawansu sun taɓa yafa irin, ko dai bai fito ba, ko kuma ya fito rana ta cinye shi. An fara da tambayoyin sabon shiga, aka gangara zuwa na masu son ajiye irinsu da kansu.

Mene ne seleri, kuma me ake nufi da irin gado?

Seleri ɗan gidan su karas ne da faski, masana tsirrai na kiransa Apium graveolens. Asalinsa bakin fadamu ne da wurare masu damshi a yankin Bahar Rum, kuma wannan asali shi ne dukan halinsa: ba ya son zafi, ba ya jure ƙishirwa. An daɗe da saninsa, domin an samu ganyen na daji cikin furannin da aka binne Fir'auna Tutankhamun da su a Masar, sama da shekara 3,000 da suka wuce. Mai kaurin kara da ake ci yau kuwa, a Italiya da Faransa aka gyara shi wajen ƙarni na 16 da na 17.

Irin gado shi ne tsohon nau'in da manoma suka riƙa ajiyewa hannu da hannu, wanda in ka shuka 'ya'yansa za su fito da kamannin uwarsu. Kishiyarsa shi ne iri mai aure, wanda ake rubuta wa F1 a jikin fakiti. Mai aure yana da kyau a shukar farko, amma in ka ɗebi 'ya'yansa ka sake shukawa sai su fito barkatai, wani dogo wani gajere. Irin gado ya fi ƙamshi mai ƙarfi a yawancin lokuta, kuma shi kaɗai ne za ka iya riƙewa a gidanka shekara da shekaru.

Anya zai yi a Zariya? Na ji an ce sai a Jos.

Zai yi, amma ba a kowane lokaci na shekara ba. Gaskiya ne mafi yawan selerin da ake gani a kasuwanninmu daga Filato yake zuwa, domin Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinta ya fi namu daɗewa. Zariya tana wajen mita 650 ne. Abin da muke da shi shi ne hunturu: daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare kan sauka zuwa digiri 13 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas, rana kuma ta tsaya wajen 30. Seleri ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 21, saboda haka darenmu na sanyi ya yi masa daidai, ranarmu ce ke ɗan takura masa, ita kuma ana maganinta da inuwa da ruwa.

Kada ka sa ran karare masu kauri irin na hoton fakiti. Na Zariya yakan fi siranta, ya fi duhun kore, ya kuma fi ƙamshi. A tukunya wannan riba ce.

Wane wata ya kamata in yafa iri?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma a kanta yawancin mutane ke faɗuwa. Mutum ya ji an ce seleri ɗan sanyi ne, sai ya jira Disamba, sanyi ya kankama, sannan ya yafa iri. Ya makara. Seleri yana da nawa ƙwarai: sati 2 zuwa 3 kafin ya tsiro, sati 8 zuwa 10 a wurin reno, sannan wata 3 zuwa 4 bayan dashe. Jimla kusan wata 5 zuwa 7 ke nan. Wanda ya shuka a Disamba, shukarsa za ta fara girma ne a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke haura digiri 35, rijiyoyi kuma suna ja baya.

Don haka a yi lissafi daga baya zuwa gaba. Ana son girbi ya faɗo a Janairu da Fabrairu. Ke nan dashe a farkon Nuwamba, yafa iri kuwa daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba, da damina tsaka. Abin ya zo daidai, domin Agusta na cikin watannin da rana ta fi sauƙi a Zariya saboda hadari da yawan ruwa, irin kuma ba ya tsirowa cikin zafi, kamar yadda aka yi bayani a amsar irin da ya ƙi fitowa. Sharaɗi ɗaya ne: renon ya kasance ƙarƙashin rumfa ko baranda, inda ruwan sama ba zai daka shi ba.

Wanda Satumba ta wuce shi, har ƙarshen Oktoba zai iya yafa seleri mai ganye, wanda ya fi saurin isa yanka. Daga Janairu zuwa Mayu kuwa, a adana irin kawai.

Wane nau'i ya fi dacewa da mu?

Seleri kashi uku ne: mai kara, mai ganye, da mai gindi wanda ake cin dunƙulen saiwarsa. Na ukun a bar shi, yana son sanyi mai tsawon da ba mu da shi. Mai ganye, wanda ake sayarwa da sunan selerin Sin ko selerin yanka, shi nake ba duk sabon shiga shawara. Kararensa sirara ne, wasu da rami a ciki, amma yana jure zafi fiye da saura, ana fara tsinkarsa da wuri, in an yanka ya sake tohowa. Kuma tunda yawancin girkinmu ƙamshin ake nema, a farfesu ko miyar kifi ko dafa-duka, shi ke biyan bukata.

Cikin masu kara na gado, Tall Utah, wanda ya fito a Amurka a shekarun 1950, kore ne mai ƙarfin jiki kuma shi aka fi samu. Golden Self-Blanching tun shekarun 1880 ake nomansa, launinsa ruwan ɗorawa-ɗorawa, ɗanɗanonsa da sauƙi, sai dai ya fi rauni a zafi. Giant Pascal na Faransa yana da girma amma yana cin lokaci, kakarmu ta sanyi takan yi masa gajarta. Akwai kuma masu jan kara na tsohon noman Ingila, waɗanda ƙamshinsu ya fi na kowa kaifi.

A ina zan samu iri, kuma yaya zan gane mai rai?

A tambaya a shagunan kayan noma na Sabon Gari da Samaru, ko a ba mai zuwa Jos sautu, ko a saya ta intanet. A duba abu uku: sunan nau'in, ko an rubuta F1, da kwanan wata. Fakitin da ya sha rana a kan teburin mai shago har launinsa ya koɗe, a bar masa abinsa. Irin seleri yana iya kai shekara 5 da rai in an ajiye shi a busasshen wuri mai sanyi, amma zafi da damshi na kashe shi cikin 'yan watanni.

Kafin ka ɓata sati uku kana jira, gwada shi tun a Yuli: ƙirga ƙwaya 20 a kan jiƙaƙƙen tsumma cikin faranti, ka ajiye a wuri mai haske da sanyi, kada tsumman ya bushe. In rabi ko fiye suka fasa, irin ya yi. 'Ya'yan seleri da ake sayarwa cikin kayan ƙamshi, waɗanda akasari daga Indiya ake kawo su, wani lokaci sukan tsiro, amma mai ganye za su ba ka, kuma ba ka san shekarunsu ba. Irin shuka kuwa kada a kuskura a sa shi a abinci, sau da yawa an cuɗa shi da magani.

Yaya ake yafa irin?

Irin seleri ya fi ƙwayar riɗi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Giram ɗaya na ɗauke da ƙwaya kusan 2,500. Ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka ya ishi gida. Nemi kasko mai faɗi ko tsohuwar roba da aka huda gindinta, ka cika da ƙasa mai laushi: rabi ƙasar lambu da aka tankaɗe da rariya, rabi ruɓaɓɓen taki da ya zama baƙi ƙirin, da ɗan yashi. Kwarara mata tafasasshen ruwa ka bar ta ta huce har kwana ɗaya. Wannan na kashe 'ya'yan ciyawa da ƙwayoyin cutar da ke kayar da jariran tsiro.

Jiƙa irin ya kwana a ruwa, da safe ka tsane shi, ka gauraya da ɗan busasshen yashi don ya rabu, ka barbaɗa a saman ƙasar. Sai ka danna da tafin hannu a hankali. Kada ka binne shi. Irin seleri yana bukatar haske kafin ya tsiro, ƙasar da ta kai kaurin farce ma ta isa ta hana shi fitowa. Wanda ya saba da renon tumatir da tattasai, hannunsa zai so ya rufe da ƙasa ya ɗora ciyawa, to a nan sai ya danne wannan sabo.

Ban ruwa ta ƙasa ake yi: a tsoma gindin kaskon cikin baho mai ɗan ruwa har damshi ya hau sama, ko a fesa da gorar ruwa da aka huda murfinta da allura. Kwara ruwa da moɗa yana tattara irin duka ya kai shi gefe guda. A ajiye a baranda mai haske inda rana ba ta faɗowa kai tsaye.

Sati uku ke nan bai fito ba. Me ya faru?

Dalili ɗaya cikin huɗu ne. Ko an binne shi, ko saman ƙasar ya bushe ko da na yini ɗaya ne, ko irin ya mutu tun a shago, ko kuma zafi. Na ƙarshen ya fi yawa a wajenmu. Idan ƙasa ta haura digiri 25 zuwa 30 dare da rana, irin seleri yakan yi barci ya ƙi tashi, alhali da ransa. Ɗaki mai rufin kwano ba wurin reno ba ne. A mayar da kaskon gefen randa, a ɗora shi a kan jiƙaƙƙen yashi, da dare a fitar da shi inda iska ke kaɗawa. Sauyin nan na sanyin dare da ɗumin rana yana tayar da shi. Kuma kada a rufe kaskon da leda a yanayinmu, dafa irin take yi. A ƙara masa sati ɗaya kafin a fid da rai.

Ya fito, amma siriri ne, wasu kuma suna faɗuwa. Yaya zan raine shi?

Haka yake, jaririn seleri ba ya da kuzari a watansa na farko. Waɗanda ke faɗuwa wuyansu ya tsuke ya yi baƙi, ruwa ne ya yi yawa kuma iska ba ta ratsa su. A rage cunkoso, a rage ruwa kaɗan, a ba su ranar safe ta awa ɗaya ko biyu. Idan suka yi ganyen gaskiya biyu, a ɗago su da tsinke a raba kowanne cikin ledar reno ko kofin roba mai huji.

Oktoba ce watan hatsari. Ruwa ya ɗauke, sanyi bai iso ba, rana kuma ta dawo da ƙarfinta. A wannan wata su zauna a inuwa daga hantsi har la'asar, a duba damshinsu safe da yamma. A kuma ɗaga su sama ko a kewaye su da raga, domin kaji da ƙadangaru na iya share renon wata biyu kafin a idar da sallar azahar.

Wace irin ƙasa yake so, kuma wane taki?

Yana son ƙasa mai riƙe ruwa ba tare da ta zama taɓo ba, mai yawan ruɓaɓɓen taki, wadda ma'aunin tsaminta na pH ke tsakanin 6 da 7. Ƙasar tudu ta yankin Zariya ba ta da wadatar taki a jikinta, kuma samanta yakan daskare ya yi ɓawo bayan ban ruwa. Masu lambun bakin kogunan Galma da Kubanni sun fi mu sa'a a nan. A tsakar gida sai an gina ƙasar da hannu: a haƙa zurfin taƙi ɗaya da rabi, a cire tsakuwa da marmara, a zuba bokiti biyu na tsohon kashin shanu ko na awaki a kowane murabba'in mita, a gauraya sosai sati biyu kafin dashe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya daɗe a tare ya ruɓe ya huce.

Seleri maci ne. Bayan dashe da sati biyu a fara ƙara masa abinci duk sati biyu zuwa uku, ko ruwan taki da aka jiƙa aka tace, ko ɗan NPK 15-15-15 nesa da gindi. Yuriya da yawa na sa ganye ya yi yabanya da sauri, amma tana sa tsakiyar shukar ta yi baƙi, abin da za a yi magana a kansa a gaba. Mai niyyar babban lambu yana iya neman shawara da gwajin ƙasa a Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da hukumar wayar da kan manoma ta NAERLS suke, duk ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Yaushe kuma yaya ake dashe?

Idan ya kai tsawon santimita 10 zuwa 15 da ganye biyar ko shida. A yi fangali mai ɗan zurfi wanda ke tare ruwa, irin na albasa, ba kunya ba. Tazara santimita 25 ta kowane gefe. Fangalin mita 1 da mita 2 zai ɗauki gindi kusan 30. Matsowar tana da amfani, suna yi wa juna inuwa. A dasa da yamma, kada a binne tsakiyar da sabon ganye ke fitowa, a shayar nan take, a yi musu rumfar zana na kwana uku ko huɗu. Wurin da ke samun ranar safe, katanga ko bishiya ta tare masa ta yamma, ya fi kowane. Katangar da ke tare iskar hunturu daga arewa maso gabas ma alheri ce.

Ruwa nawa yake sha?

Mai yawa, kuma ba fashi. Kusan kashi 95 cikin 100 na jikin seleri ruwa ne, saiwarsa kuma a sama-sama take, ba ta nutsawa ta nemo damshi kamar ta kuɓewa ko yakuwa. Yana bukatar lita 25 zuwa 50 a kowane murabba'in mita duk sati, kuma a hunturu, da iska ke busar da komai, ɓangaren sama na wannan lissafi za a bi. Fangalin mita 1 da mita 2 zai sha jarka huɗu mai lita 25 a sati. Mai sayen ruwa wajen 'yan garuwa ya yi wannan lissafi tun kafin ya yafa iri, ya shuka abin da zai iya shayarwa. Gindi goma da suka ƙoshi sun fi talatin masu ƙishirwa.

A raba ruwan kullum, kada a tara shi rana ɗaya. Tsoma yatsa a ƙasa: in gaɓar farko ta fito a bushe, lokaci ya yi. A zuba a gindi, ba a kan ganye ba. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa kaurin yatsu uku a kan fangalin, yana rage ban ruwa sosai, sai dai a riƙa ɗagawa ana duba gara. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya duk suna yi, na sabulu da omo ne ba a so.

Ba ni da fili, siminti ne tsakar gidan. Zai yi a buhu ko bokiti?

Ƙwarai kuwa, tunda saiwarsa ba ta nisa. Bokitin fenti mai lita 20 da aka huda zai ɗauki gindi biyu, buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa zuwa rabi ya ɗauki uku. Zurfin ƙasa kada ya gaza santimita 25. Ribar bokiti ita ce in zafi ya taso a ƙarshen Fabrairu sai a ja shi inuwa. Amma yana saurin bushewa, wata rana sai an shayar sau biyu, kuma a ɗora shi a kan katako ko bulo don zafin siminti kada ya gasa saiwar.

Tsakiyar ta yi baƙi ta ruɓe, wasu kararen sun tsattsage, ga ɗaci. Cuta ce?

Yawanci ba cuta ba ce, kulawa ce ta yi gardama. Ƙananan ganyen tsakiya da ke baƙi alamar sinadarin kalsiyam bai kai gare su ba, kuma abin da ke hana shi kaiwa shi ne ƙasa ta bushe yau, gobe a cika ta da ruwa, ga zafi, ga taki mai sa saurin girma. Maganin yana cikin amsar da aka bayar a baya kan ban ruwa. Tsagewar kara a kwance da launin ƙasa-ƙasa ƙarancin sinadarin boron ne, wanda wadataccen takin gargajiya ke karewa. Ɗaci da zare-zare da rami a cikin kara kuwa, ƙishirwa ce ko zafi ko an bar shi ya tsufa. Mai ɗacin ma ba asara ba ne, in ya dahu a miya ɗacin na kwantawa.

Waɗanne kwari da cututtuka zan yi tsammani?

Darɓa takan taru a bayan ganye da tsakanin karare. Ruwa mai ƙarfi ko ruwan ganyen dalbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana yana rage ta. Akwai ƙaramar tsutsa mai zana farin layi a cikin ganye, ita tsinke ganyen ake yi a ƙone. Idan shuka ta tsumbure tana yaushi alhali da ruwa, tuge guda ka duba saiwa: in ta yi ƙulu-ƙulu, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, wadda ke yawa a inda aka daɗe ana tumatir da kuɓewa. Kada a dasa seleri a irin wannan wuri.

Ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a ganye, musamman masu ƙananan baƙaƙen ɗigo a tsakiya, cutar fumfuna ce da ke zuwa a jikin iri kuma jiƙar ganye ke yaɗa ta. Abin sha'awa, ƙwayar cutar tana riga irin mutuwa, shi ya sa irin da ya shekara 2 zuwa 3 a ajiya mai kyau ya fi sabo tsabta. Mai ma'aunin zafi zai iya jiƙa sabon iri a ruwa mai digiri 48 na minti 30. Tunda ɗanye ake cin seleri a wasu lokutan, ni ban ga dalilin fesa masa maganin kwari mai ƙarfi a lambun gida ba.

Dole ne a rufe kararen don su yi fari?

Ba dole ba ne. Rufewar tana rage ɗaci ta sa kara ya yi laushi, amma koren ya fi amfani a jiki. Mai so ya naɗe kararen da kwali ko takarda mai kauri, ya ɗaure sako-sako, ganyen na waje, sati 2 kafin girbi. Tara ƙasa a jikin kara, yadda ake yi a Turai, a wajenmu gayyatar gara ce da ruɓa. Mai ganye ba a rufe shi sam.

Yaushe zan fara girbi, kuma yaya zan adana?

Ba sai an jira ya gama girma ba. Da zarar kararen waje sun kai taƙi ɗaya, a riƙa ɓalle biyu ko uku daga kowane gindi, tsakiyar na ci gaba da fitar da sababbi. In zafin Maris ya matso, a yanke gindin gaba ɗaya daidai ƙasa. A yi girbi da sassafe ko da yamma, a wanke hannu bayan an gama, domin ruwan jikin seleri, musamman wanda cuta ta taɓa, in ya haɗu da rana mai ƙarfi yana sa wa wasu ƙuna da borori a fata.

A firiji yana sati biyu in an naɗe shi. Inda wuta ba ta tsayawa, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990, tana aiki sosai a busasshiyar iskar hunturu. Uwargida kuma kada ki zubar da ganyen, ya fi karan ƙamshi. Ki shanya shi a inuwa, ki murje, ki zuba a kwalba, zai kai ki har damina.

Da gaske ne yana maganin hawan jini?

Kayan lambu ne mai kyau, kuma cin ganye da yawa yana taimakon mai hawan jini. Amma ba ya maye gurbin maganin asibiti, kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye shi saboda ruwan seleri. Mai juna biyu ta ci shi a abinci, ta guji shan 'ya'yansa a matsayin magani. Wanda bakinsa ya yi ƙaiƙayi ko ya kumbura bayan ya ci, jikinsa ba ya karɓa, ya bari.

Zan iya dasa gindin da na sayo a kasuwa maimakon iri?

Za ka iya. Yanke kararen ka bar tsawon yatsu uku, ka tsayar da gindin a ɗan ruwa, kana canza ruwan kullum. Cikin sati guda sabon ganye zai ɓullo a tsakiya, sai ka mayar da shi ƙasa. Ganye za ka samu da 'yan sirarun karare, ba cikakken gindi ba, kuma ba ka san nau'insa ba. Hanya ce mai kyau ta koyon halinsa kafin Agusta ta zo.

Yaya zan samu irina na kaina don baɗi?

A nan aikin yake. Seleri ɗan shekara biyu ne: shekarar farko ganye, sai ya sha sanyi, sannan ya fid da kai ya yi fure. Abin da ke tunzura shi shi ne kwanaki da dama ƙasa da digiri 10 zuwa 13. Hunturunmu yana bakin wannan iyaka ne, shi ya sa wata shekara wasu gindin su yi fure, wata shekarar su ƙi. Mai ganye ya fi saurin amsawa, wanda wani dalili ne na farawa da shi, kamar yadda aka faɗa a amsar zaɓen nau'i.

Zaɓi gindi biyar ko fiye mafi kyau, kada ka yanke su, ka raka su da inuwa da ruwa su ƙetare Maris da Afrilu. Kada ka ɗebi iri daga wanda ya riga kowa fure tun yana ƙarami, in ba haka ba za ka gaji halin fure da wuri. Furen ƙanana ne farare a tattare, ƙudaje da ƙudan zuma ke haɗa su, saboda haka nau'i biyu da suka yi fure lokaci ɗaya a gida ɗaya za su gauraya. A bar nau'i ɗaya kawai ya yi fure a shekara. Da karas kuwa ba ya gauraya.

Idan 'ya'yan suka koma ruwan ƙasa suna saurin zuba, a yanko kawunan ɗaya bayan ɗaya cikin ƙwarya, a ƙarasa busarwa a inuwa kamar sati biyu, a murje, a sheƙe a hankali don iska kada ta tafi da su. A zuba a kwalba mai murfi, a rubuta sunan nau'in da shekarar, a ajiye a wuri mafi sanyi da duhu a ɗaki. Idan fure ya faɗo cikin damina, a ja bokitin ƙarƙashin baranda, domin ruwa na sa kawunan fumfuna kafin su nuna. A riƙa rage wani kaso na tsohon irin duk shekara, saboda shekarar da hunturu ya yi sauƙi furen bai zo ba.